Wasiƙa zuwa ga tsohon abokin aikina

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na san abin da za ka fara cewa, wai sai yau na tuna da kai. To kai ma ai ba a ƙwace maka waya ba! Wata bakwai ke nan rabona da jin muryarka. Akwai tambayar da nake son yi maka, amma bari in fara sauke labarin da ya cika min ciki.

Ka tuna lokacin da aka ba ni shugabancin makarantar nan, na kwana uku ina tsara manufarmu, na sa aka rubuta ta a bangon ofis? Kai ne ka ce min, "Wa ka tambaya kafin ka rubuta?" Wallahi na ji haushinka ranar. Shekara ta zagayo, rubutu na nan a bango, cikin aji kuwa ko alli bai sauya wuri ba. In na yi magana a taro sai a ce "to, ranka ya daɗe", a fita a ci gaba da abin da aka saba.

Farkon zangon da ya wuce na tara kowa: malamai, wakilan iyaye, har maigadi da mai shara. Na ce yau ni ɗan sauraro ne. Tambaya ɗaya na rubuta a allo: yaron da aka kawo mana aji ɗaya, me muke so ya iya ranar da zai bar hannunmu? Aka yi tsit, har na fara tunanin na ɓata wa mutane lokaci. Can sai malamar aji uku, wadda ka san ko gaisuwa a hankali take amsawa, ta ce yara da yawa a ajinta ba sa iya karanta jimla guda, kuma duk mun sani, muna ta tura su gaba. Maigadi ya karɓe, ya ce masu makara kullum su ne dai su, kuma wasunsu in sun hango an tare ƙofa sai su juya don tsoron horo, mu kuma mu rubuta ba su zo ba. Shekara nawa ina wuce bawan Allahn nan safe da yamma, ban taɓa tambayarsa komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai da muka zauna sau uku kafin mu tsaya a kan abu ɗaya: kowane yaro ya iya karatu, ya kuma fahimci abin da ya karanta, kafin ya bar aji uku. Mutumin naka na lissafi ya tayar da jijiyar wuya, ya ce an mayar da darasinsa saniyar ware. Aka yi masa alkawarin baɗi nasa ne, aka rubuta a gabansa. Af, yana gaishe ka, ya ce littafin nan nasa da ka ara ya kusa isa shiga makaranta.

Inda na sha wuya shi ne sakin iko. Na miƙa wa malamai huɗu jadawalin darussa, suka mayar da karatu darasin farko na kowace safiya, suka gajarta taron safe. Ban so ba, don ka san yadda nake ji da taron nan. Na faɗi ra'ayina, suka rinjaye ni da hujja, na sa hannu. Da na soke shawararsu a ranar, da ba wanda zai sake buɗe baki a gabana. Wani bincike da Bryk da Schneider suka fitar a 2002 kan makarantun firamare na Chicago a Amurka ya nuna makarantun da amana ta yi ƙarfi tsakanin shugaba, malamai da iyaye su ne suka fi samun ci gaba a karatu da lissafi. Da can karantawa kawai na yi, yanzu ina ganinsa da idona.

Mun kuma aro dabarar malaman Japan: a tsara darasi tare, ɗaya ya koyar, sauran su zauna a baya suna lura da yadda yara ke fahimta, a dawo a tattauna. Ni na fara shiga aji aka duba ni, don kada wani ya ɗauka tarko ne. Ka san wa ke jagorantar abin yanzu? Dattijon nan da ya sa ka fita daga taro a fusace. Shi ke riga kowa zuwa!

Mataimakiya ta yi ritaya, an yi mata bankwana, har da hawaye. Har yau ba a turo madadinta ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne raɗe-raɗin canjin wurin aiki. In aka ɗauke ni, aka kawo wanda ke son komai ya bi ta teburinsa fa? Na fara sa malamai suna jan taro bi da bi, muna kuma rubuta duk abin da aka amince a littafi guda da ke ajiye a ɗakin malamai. Ko zai isa, Allah masani.

Ka gaida uwargida da yara. Tambayar nan ta shige min, in na tuna zan kira. Ka dai ɗauka.

Naka har kullum.