Kafin ka kama hanyar kwazazzaban Yuta da Arizona

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya abokan zama? Mu nan kowa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na ga jerin gandayen shaƙatawa na Amurka da kai da abokanka kuke shirin zagawa da motar haya a watan Oktoba. Ban hana ka ba, ƙasar Allah ce, a je a gani. Amma Zion da Bryce da Capitol Reef da Arches da Canyonlands, ga kuma Grand Canyon, duka cikin mako guda? Haba ɗana, ai kwalta kawai za ku gani. Daga Las Vegas zuwa Zion kusan awa uku ne, daga Zion zuwa Bryce kamar awa biyu. Moab kuwa, garin da ake sauka don ganin Arches, yana can gabashin Yuta, wajen kilomita 400 daga Bryce. Ku cire shi a wannan karon. Ku yi Zion, ku hau Bryce, ku gangara garin Page na Arizona, ku kwana a gefen kudu na Grand Canyon, ku koma inda kuka ɗauko mota. Gefen arewa ku bar shi: dama tsakiyar Oktoba ake rufe hidimominsa, ga shi gobarar daji ta cinye babban masaukin wurin a Yulin 2025.

Babarka ta ce ka gaya mata a waya wai ɗan Sahel ba a koya masa hamada. To, ka saurare ni a nan, don abin da ya sa na zauna rubuta maka ke nan. A wannan hamadar, ruwa ne ya fi tayar mini da hankali. Ka san yadda kori ke yi a ƙasar Agadas: rana na ƙwalla, yashi a bushe, amma an sheƙa ruwa can kan duwatsu, kafin ka ankara ga shi ya taho da itace da laka. Can ma haka ne, sai dai ka ƙara da bangon dutse hagu da dama wanda ba ya hawuwa, wani wurin in ka miƙa hannuwa ka taɓa duka biyun. Dutsen ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba a tudu cikin wannan tsagar yake taruwa. A Agustan 1997 mutum 11 suka mutu a Antelope Canyon, wani siririn kwazazzabo kusa da Page, ruwan da ya ci su kuwa can nesa da su aka yi shi. A Satumban 2015 mutum 7 suka rasu a Keyhole Canyon cikin Zion. Saboda haka ranar da za ku shiga Narrows, inda ake tafiya cikin kogin Virgin kansa, ku fara biyawa ofishin baƙi ku tambayi ma'aikatan gandun hasashen ambaliya na ranar. In sun nuna shakka, ku haƙura. In kuna ciki ruwa ya fara gurɓacewa, ko ka ga ganye da ƙirare suna tahowa, ko ka ji rugugi daga gaba, ka jefar da komai ka nemi tudu. Kada ka tsaya ɗaukar hoto, na san halinka.

Sai sanyi. Bryce yana kan tudu, mita 2,400 zuwa 2,700 sama da teku, a Oktoba da daddare ruwa kan daskare, wani lokaci har dusar ƙanƙara. Rigar sanyi mai kauri da hula da safa, ba wannan 'yar shara-sharar da na gani a hotonka ba. Grand Canyon kuma yaudararsa daban: kana sama iska na kaɗawa, kana gangarawa zafi na ƙaruwa, zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi. Sauka ba wuya, shi ya sa mutum ke zarcewa, hawan kuwa kan ci ninki biyu na lokacin saukar. Hukumar wurin da kanta tana gargaɗin kada a sauka kogin Kolorado a dawo a yini ɗaya. Ku tanadi lita huɗu ta ruwa ga kowane mutum a kullum, da gyaɗa mai gishiri da dabino.

Angels Landing, wani dogon dutse mai haɗarin hawa a Zion, tun 2022 sai da takardar izini ta ƙuri'a ake hawansa. In ba ta faɗo kanku ba, ni dai ba zan yi baƙin ciki ba. Cikin kwarin Zion a wannan lokacin motar gandun ake hawa, filin ajiye mota kuma da sassafe yake cika. Katin shiga na shekara yana yi muku a gandayen tarayya, amma Antelope ƙasar mutanen Navajo ce, wata ƙabila 'yan asalin yankin, kuɗinta daban, kuma ba a shiga sai da ɗan jagoransu, ku kama wuri tun yanzu. Ka girmama su yadda kake so baƙo ya girmama gidanku.

Ka lura da agogo. Arizona ba ta sauya lokaci da bazara, Yuta da ƙasar Navajo suna sauyawa, don haka a Oktoba Yuta tana gaban Page da awa ɗaya, waya kuma takan rikice a kan iyaka. Ka tambayi mai jagora da wane agogo yake aiki. Salla kuwa ga rana nan a sarari, kuma matafiyi ne kai, ka yi kasaru.

Kafin ku bar wurin haya ka duba safaya da jak da idonka, ka tambayi ƙarin kuɗin da suke ɗora wa wanda bai kai shekara 25 ba. Tanki ya kai rabi, ku sha mai a gidan man farko. Ka sauke taswira a waya don sabis yana ɗaukewa na dogon zango. Ban yarda da tuƙin dare ba, da magariba barewa ke fitowa kan titi.

Kullum da safe ka turo wa ƙanwarka inda za ku da inda za ku kwana, ita za ta karanta wa babarka. Ka gaida abokan tafiyarka. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Mahaifinka