Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mana da injin cire gashi na IPL da sunan leza

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa, abin da ya sa na fito da maganar nan fili shi ne amsar da jami'inku mai kula da abokan ciniki ya turo mini ta WhatsApp ranar 9 ga Satumba da ƙarfe 4:17 na yamma, bayan an daɗe ana yi mini "za mu neme ki". Ga ta nan, ban ƙara ba ban rage ba: "Hajiya, injinmu lafiyarsa ƙalau. Yaranki ne ba su iya aiki ba, kuma matan da ke zuwa wurinki masu shafa man bilicin ne. Garanti ba ya ɗaukar ganganci." Tun daga ranar ba wanda ya sake ɗaukar wayata a ofishinku.

Ranar 3 ga Yuni shagonmu na gyaran jiki a Kano ya biya ku Naira miliyan 4 da dubu 650, ban da dubu 120 na kuɗin mota daga Legas. A rasit ɗinku an rubuta injin leza na cire gashi, mai dacewa da kowace irin fata. Kafin in tura ko kwabo na tambayi wakilinku baki da baki ko irin lezar da ake kira Nd:YAG ne, mai haske mai tsawon zango nanomita 1064, ya ce shi ne.

Ba don ƙawa na yi tambayar ba. Duk injin da ke cire gashi da haske, baƙin sinadarin melanin yake bi. Gashi ya sha hasken, ya yi zafi, zafin ya gangara ya kashe saiwa. To, mu fatarmu ma cike take da wannan sinadari. A ma'aunin Fitzpatrick da likitocin fata ke amfani da shi wajen kasa launin fata daga mataki na 1 (mafi haske) zuwa na 6 (mafi duhu), yawancin matan da ke shigowa shagonmu a mataki na 5 da na 6 suke. Haske mai gajeren zango, kamar na lezar Alexandrite mai nanomita 755, tun a saman baƙar fata ake shanye shi, sai ya ƙona ta kafin ya isa saiwa. Nd:YAG mai 1064 ya fi nutsawa ciki, saman fata kuma bai cika shan sa ba, shi ya sa aka fi amincewa da shi a kan fata irin tamu. IPL kuwa ba leza ba ne sam. Fitila ce mai walƙiya da ke watsa haske iri-iri a lokaci guda, daga wajen nanomita 500 zuwa 1200, sai a sa matatar gilashi a tare wani sashe.

Abin da kuka aiko mana IPL ne. Da mai gyara ya kwance kan injin, fitilar zinon ce a ciki, ga kuma matatu uku masu zarewa, an buga musu 530, 590 da 640. A kan leza ta gaskiya ba a zare matata a sauya wata. Ma'aunin walƙiya da ke allon injin, wanda ya kamata a tarar da shi kusa da sifili, ya haura dubu arba'in, wato wani ya riga ya more shi kafin ku sake masa kwali. Bakin gilashin da ke taɓa fata, wanda aikinsa shi ne ya yi sanyi ƙarara ya kare saman fata, ko ɗumin hannu ba ya kashewa bayan 'yan mintoci. Tabarau guda ɗaya tal ya zo da shi, babu rubutun zangon hasken da yake karewa, alhali mai aiki da wadda ake yi wa duka suna buƙata.

Sai zancen cewa yarana ba su iya aiki ba. Duk wadda za a yi wa, sai ta daina tsige gashi, ta bar halawa da kakin cire gashi na mako huɗu aƙalla, saboda in an tuge saiwar babu abin da haske zai kama. Ana aske wurin da reza kwana ɗaya kafin ranar, a wanke, babu mai babu turare. Muna da takardar tambayoyi, kuma duk mai shafa man ƙara haske ko shan maganin da ke sa fata gudun rana ba a taɓa ta. Ana gwaji a ɗan wuri, a jira awa 48 ko fiye, domin ƙunar baƙar fata ba nan take take nuna kanta ba. A gwajin nan ne abin ya fito, a kan ƙarfin da mai horarwarku ya rubuta mana da hannunsa. Jadawalin da ke cikin littafin injin a mataki na 4 ya tsaya, mai horarwar ne ya ƙara layi biyu da biro, ya karɓi dubu 80 na horon da bai kai wuni ba.

Mata uku aka gwada. Washegari wurin ya yi bororo, kuma ƙunar ta fito da kusurwa huɗu daidai da bakin gilashin injin, kamar an buga hatimi. Biyu a ƙwauri, ɗaya a ƙarƙashin haɓa. Ta haɓar, wadda ƙurajen aski suka kawo ta, yanzu tabo baƙi ƙirin take rufewa da mayafi, likitan fata kuma ya ce sai an yi watanni ana kallo. Ko ɗaya a cikinsu ba ta bilicin, takardunsu na nan da sa hannu. Na tura muku hotunan tun a Yuli. Farko aka ce wutar NEPA ce, alhali injin a kan sitabilaiza yake. Daga baya aka ce ruwan da muka zuba a tankin sanyaya ne, alhali tataccen ruwan da littafinku ya ce shi muka zuba.

Injin na nan lulluɓe a lungu, mun koma halawar da muka gada: sukari, ruwan lemon tsami da ruwa, a dafa ta yi danƙo, a bar ta ta huce zuwa ɗumin jiki, a shafa ta saɓanin kwanciyar gashi a fizge ta yadda ya kwanta. Ba ta kashe saiwa, bayan 'yan makonni gashi zai dawo, amma amarya na fita da fatarta lafiya. Kuɗin zama shida-shida da wasu suka biya tun kafin a fara duk mun mayar. Na asibiti da magani ban ma gama lissafi ba.

Ina neman ku aiko a ɗauki injinku, ku biya kuɗin ɗaukarsa, ku mayar da abin da aka biya har da na mota da na horo, ku ɗauki nauyin jinyar matan nan uku, jami'inku kuma ya janye ƙazafin da ya yi musu a rubuce. Sannan ku nuna mini lambar rajistar injin ta NAFDAC, wadda na nema ba a ba ni ba.

Kuma ranka ya daɗe, maganar ta wuce shagona. Har yau tallanku na yawo a Instagram da kalmar "kowace irin fata", wakilanku na bin shagunan gyaran jiki na Kano da Kaduna da shi. Kamfanin da ke shigo da injin da littafinsa ya tsaya a mataki na 4, ya kai shi inda kusan kowa ya wuce wannan mataki, ba kuskure yake yi ba, ya san abin da yake sayarwa kuma ya san wa zai ƙone. Ku sauke tallan, ku rubuta wa duk shagon da ya saya ku gaya masa IPL ne a hannunsa. Idan 30 ga Satumba ta wuce ban ji daga gare ku a rubuce ba, rasit da hotuna da saƙon jami'inku za su tafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC da NAFDAC, kwafi kuma ya tafi wurin lauyanmu.

Wassalam,
Mai shagon gyaran jiki, Kano