Wasiƙa zuwa ga Auta kan kajinta da suka rage ƙwai

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan Zariya sai godiyar Allah. Yayarki ta ba ni labarin hirar da kuka yi a waya, wai kaji goma sha biyu da kike kwasar ƙwai takwas ko tara a rana, yanzu da ƙyar kike samun uku, har kina shirin aika su kasuwa. Ta ce kuma kina zargin bakin mutane. Addu'a kam ki riƙe ta, amma kada ki ɗauki alhakin maƙwabta a kan abin da rana ta aikata.

Watan Afrilu muke, ke kuma a Sakkwato kike, inda zafi ke haura digiri 40 da tsakar rana. Kaza ba ta yin gumi. In zafi ya dame ta sai ta hangame baki tana haki, ta saki fukafukai, ta ƙaurace wa abinci. To wadda ba ta ci ba, da me za ta yi ƙwai? Wanda ta samu ta yi ma, za ki ji ɓawonsa ba ƙwari. Na ga akurkin naki lokacin da na zo suna, rufin kwano ne, ko taga babu. Ki sa a shimfiɗa zana ko karan dawa a samansa, a huda masa wurin shan iska. Abinci ki zuba musu bayan asuba da kuma bayan la'asar, lokacin da gari ya ɗan huce.

Ruwa ya fi komai. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne, kaza ɗaya kuma takan sha kamar rubu'in lita a rana, da zafi har ninki. Ruwan da ya yini cikin roba a rana ya koma na wanka, ba za su taɓa shi ba. Ki zuba a kasko, ki ajiye a inuwa, ki sauya sau uku.

Sai maganar abinci, kuma na san halinki na tattali. Buhu ya yi tsada, kin mai da su kan dusa da ragowar tuwo, ko ba haka ba? Kajin gidan gona ba irin namu ba ne da za su yi tono a bola su ƙoshi. Kowace tana son kimanin giram 120 na abinci mai kyau a rana. Ɓawon ƙwai guda ɗaya yana cin giram 2 na sinadarin kalsiyam, in ba ta samu a abinci ba daga ƙashin jikinta take cirowa, har ta gaji ta daina. In kuɗin buhu ya gagara, ki daka ƙuli-ƙuli ki haɗa da dusar, ko waken suya, amma soyayye, ɗanye yana cutar da su. Yara su haƙo musu gara. Ɓawon ƙwan da kuka ci ki gasa, ki daka shi lukui, ki barbaɗa. Kada ki jefa musu shi yadda yake, nan ne suke koyon fasa nasu su shanye.

Kajin Hausa ukun da na ba ki, su lissafinsu daban ne. Takan yi ƙwai goma zuwa sha biyar, sai ta shiga kwanci kwana 21, ta kuma yi kusan wata biyu tana yawo da 'yan tsaki. Duk wannan lokaci kada ki sa ran ƙwai. Wadda kika ga ta maƙale a gurbi tana bushe gashi in an matso, kwanci take so. In ba ƙyanƙyasa kike buƙata ba, ki ɗauke ta ki kife da kwando a inuwa kwana uku ko huɗu, da ruwa da abinci, za ta manta. Zakaran da kika ce za ki saya kuwa, ki bar kuɗinki. Kaza na yin ƙwai ko babu zakara, amfaninsa a wajen ƙyanƙyasa ne kawai.

Kafin ki sayar da ko ɗaya, ki bari sai dare ki kama su ɗaya-ɗaya. Mai yin ƙwai zankonta jajir yake, kuma yatsu biyu ko uku za su shiga tsakanin ƙasusuwa biyun da ke gefen mafitar ƙwan. Wadda yatsa ɗaya kawai ke shiga ta tsaya. Ki buɗe ƙarƙashin fiffike ki duba ƙwarƙwata, ki tara musu toka da yashi su riƙa birgima. Mai zubar da gashi ki ƙyale ta, wata biyu zuwa uku za ta dawo. Wadda ta haura shekara biyu ce za ki iya yi wa maigidanki farfesu da ita.

Ki kuma leƙa lungunan gidan. Shekarar da na haife ki, na yi sati ina yi wa yayanki faɗa a kan satar ƙwai, yaro yana rantsuwa yana kuka, ashe wata waken kaza ce ta koma ƙarƙashin rumbu. Sha huɗu muka tarar. Har yau in ya tuna sai ya yi mini gori. Gafiya da maciji ma suna ɗauka, ki duba ko akwai rami.

Amma in kin ga koren zawo, ko numfashi da ƙyar, ko wuya yana murɗewa, ki ware mai ciwon nan take ki kira malamin dabbobi, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe. Ki tambaye shi rigakafin Lasota, wanda ake sa musu a ruwan sha duk wata uku.

Ki gwada inuwar da ruwan sati biyu, sannan ki kira ni ki faɗa mini nawa kika kwasa. Zan ba direba ƙuli-ƙuli da kasko biyu ranar Asabar, maigidanki ya karɓa a tasha. Babanku yana gaishe ku. Ki shafa mini kan takwarata.

Mahaifiyarki.