Ɗorawar kakanka ba ta sayarwa ba ce

Ɗana Iliya,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. An gama yankan dawa, mun gode wa Allah, ko da yake ba ta kai ta bara ba.

Baffanka ya isar mini da saƙonka. Ka ce masu gawayi sun taya itatuwan gonar tudu, ɗorawa shida da kaɗanya huɗu, kuma kuɗin zai cika maka na Keke Napep ɗin da kake son saya. Na kwana uku ban ce komai ba, don kada in amsa maka cikin fushi. Na san tsadar haya a Kaduna, na kuma san ba ƙyuya ce ta sa ka wannan tunani ba. Duk da haka ban yarda ba.

A shekarar 1984, lokacin fari da yunwa, ni da hannuna na sare gawo uku da marken da ke bakin gonarmu ta gangare, na kai itacen kasuwar Malumfashi. Kuɗin bai yi mana wata biyu ba. Bayan damina biyu ruwa ya fara cin wurin. Kwazazzabon nan da kuke tsallakawa kuna yara, wanda ya taɓa karya wa akuyarmu ƙafa, nan ne fa da muke samun damin gero mafi nauyi. Gawo yakan kakkaɓe ganyensa da damina, ya takince ƙasa, ya bar wa shuka rana. Duk na san haka, yunwa ce ta rufe mini ido. Har gobe in na bi ta can sai na sunkuyar da kai.

Baffanka ya ce da ya ja hankalinka, ka amsa masa cewa ai duniyar nan mai wucewa ce, mu baƙi ne, gidanmu yana sama. Na sha jin wannan magana a bakin matasanmu, har da wasu masu wa'azi. Gaskiya ne baƙo raɓa ne. Amma wane baƙon kirki ne zai fasa randar mai gida don gobe zai tafi? Ka buɗe Littafin Firistoci 25:23. A aya guda Allah ya ce ƙasar tasa ce, mu kuwa baƙi ne a wurinsa. Wato baƙuncin nan da kake kafa hujja da shi, shi ne ya hana mu yin yadda muka ga dama. A surar nan ce kuma ya umarta a bar gona ta huta a shekara ta bakwai. A Farawa 2:15, tun zunubi bai shigo ba, aikin da aka ba Adamu a gonar Aidan shi ne ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mun riƙe noman, mun saki kiyayewar. Ko a fagen yaƙi, Maimaitawar Shari'a 20:19 ta hana Isra'ilawa sa gatari a itacen da ake cin 'ya'yansa. To ina ga mu da ba yaƙi muke yi ba?

Kada ka ɗauka wannan zancen turawa ne ko na 'yan boko. Dubi maƙwabtanmu na Maraɗi. Wani ɗan mishan na SIM, wato mishan ɗin da ta haifi ikilisiyarmu ta ECWA, mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, ya yi ta dashen itatuwa a can suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututture ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara barin reshe mai ƙarfi, a rage sauran. Manoman Nijar, galibinsu Musulmi, suka rungumi abin, har aka ƙiyasta itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo gonaki. Mutanen da hamada ta fi mu matsa wa suna rainon kututture, mu kuma mu kira masu gawayi su kwantar da itace mai rai?

Ka tuna kuma da mahaifiyarka. Kalwar ɗorawar nan take dafawa ta kwana a wuta, ta wanke, ta rufe da ganye har ta zama daddawa. Da kuɗin daddawa da man kaɗe ta saya maka takalmin shiga sakandare, da su take ba da baikonta a zumuntar mata. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Masu gawayi za su mai da ita buhu-buhu cikin mako guda, su loda a mota, su wuce gaba. Da na gaya mata saƙonka ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da tankaɗe.

Batun keken kuwa ban watsar da shi ba. Akwai bijimin da nake kiwo, na yi niyyar sayar da shi gab da Kirsimeti, lokacin da shanu ke daraja. Zan ba ka kuɗinsa, in ƙara da buhun waken suya biyar. Abin da ya saura mu nema a adashin ikilisiya, ka riƙa biya a hankali.

Ka zo gida kafin godiyar kaka. Akwai toho da na ƙyale a bakin kwazazzabon, ina so mu gyara su tare tun ƙarfina bai ƙare ba. Ka taho mana da sabuwar adda, tawa ta dakushe.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai.

Ni ne mahaifinka.