A biya yaran haƙƙinsu, amma a kan wa nauyin yake sauka?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina rubuto muku ne daga wani ƙaramin gari a ɗaya daga cikin jihohin kudu na ƙasar Amurka, inda na daɗe ina sana'ar tuƙin motar haya. Garin namu jami'a ce ta raya shi, kusan kowa da ita yake cin abinci. Shirinku na wasanni ba ya wuce ni. Roƙona shi ne, bayan labarin Firimiya da La Liga, ku ɗan waiwayi abin da ke faruwa a wasan ƙwallon jami'o'in ƙasar nan, domin yana taɓa 'ya'yanmu fiye da yadda ake zato.

Wasan da nake nufi ba irin namu na ƙafa ba ne. Shi ne wanda ake sa hular kwano da sulke a kafaɗa, a rungumi ƙwallo a ruga, mai kama da zari-ruga. Wanda bai ga Asabar ɗin wasa a nan ba, da wuya ya gane girman lamarin. Tun hantsi wuraren ajiye motoci sun cika, an kakkafa rumfuna, hayaƙin gashin nama ya turnuƙe, kaka da jika sanye da riga launi ɗaya. Hanyar da nake yi cikin minti 10 sai ta ci mini awa guda. Filin wasan Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 107,000, ya fi Wembley. Kuma waɗanda duk wannan jama'a ta zo kallo ɗalibai ne, yawancinsu ba su wuce shekara 22 ba.

Shekara da shekaru hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta hana a ba yaran nan albashi. Kuɗin makaranta da ɗaki da abinci, shi ke nan, a kan hujjar cewa neman ilimi suka zo. Reggie Bush na Jami'ar USC sai da ya mayar da kambun Heisman, lambar yabo mafi girma a wasan, a 2010, saboda an ce shi da iyalinsa sun karɓi alheri daga hannun dillalai. Ba a dawo masa da shi ba sai 2024.

A wancan zamanin ne wata asuba na ɗauki wani yaro daga gidan kwanan ɗalibai zai je asibiti. Gwiwarsa ɗaure da ledar ƙanƙara, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa, sai da ya miƙe a kujerar baya. Ya ce mini ranar Asabar aka danne shi a fili. Da muka isa, ya daɗe yana duba wayarsa yana lissafi, na gane kuɗin motar ne bai cika ba. Na ce masa ya bar shi, Allah ya ba shi lafiya. Dubban mutane sun sayi tikiti don su kalle shi, ga shi ba shi da kuɗin zuwa ganin likita. Saboda haka ni ba na cikin masu cewa kada a biya su. Guminsu ne, kuma jikinsu ne ke lalacewa.

A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 9 baki ɗaya, ta yanke hukunci a kan NCAA a ƙarar da ake kira ta Alston. Mai shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa da a kusan kowace sana'a ce ta ƙasar, da irin wannan tsari ya saɓa wa doka ƙarara. Daga 1 ga Yulin shekarar aka yarda ɗan wasa ya karɓi kuɗin talla da sunansa da hotonsa. Nan take attajirai tsofaffin ɗalibai suka kafa asusun karo-karo, sunansa kuɗin talla, amma kowa ya san na sayen 'yan wasa ne. Shugaban sashen wasanni na Jami'ar Ohio State ya faɗa da bakinsa cewa 'yan ƙwallonsu sun samu kusan dala miliyan 20 a kakar 2024. Sun ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2025. Sai dai wannan sashen dai ya bayar da rahoton giɓin sama da dala miliyan 37 a shekarar kuɗi ta 2024. Idan babbar giwa ta kasa cike giɓinta, ina ga ƙananan dabbobin dawa?

A Yunin 2025 kuma mai shari'a Claudia Wilken ta amince da wani sulhu: za a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara 10, sannan kowace jami'a tana iya biyan 'yan wasanta kai tsaye har dala miliyan 20.5 a shekarar farko, adadin yana ƙaruwa duk shekara.

To, Malam Edita, ga inda abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Da aka ce a fara biyan yaran, na ɗauka manya za su rage nasu rabon. Babu wanda ya rage komai. An ɗora sabon kaya ne a kan tsohon. Kirby Smart, kocin Jami'ar Georgia, yana ɗaukar dala miliyan 13 a shekara. A jihohi da dama babu ma'aikacin gwamnatin da ya kai kocin ƙwallon jami'a albashi, ko gwamna ko shugaban jami'ar. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne kuɗin sallama. Da Jami'ar Texas A&M ta kori Jimbo Fisher a Nuwamban 2023, yarjejeniyarsa ta wajabta mata biyansa sama da dala miliyan 75 don ya daina aiki. Kuɗin mutum ɗaya da aka kora ya ninka abin da aka yarda a ba dukkan 'yan wasan jami'a a shekara fiye da sau uku. A Oktoban 2025 Jami'ar LSU ta sallami Brian Kelly da ragowar kusan dala miliyan 54 a takardarsa. Ga gine-gine kuma. Jami'ar Clemson ta buɗe wa 'yan ƙwallonta wani katafaren gida na dala miliyan 55 a 2017, har da wurin aski da ƙaramin filin golf, domin a lokacin ba a iya jawo yaro da kuɗi, sai da ƙyale-ƙyale. Yanzu ana ba da kuɗin, ƙyale-ƙyalen ma ba a fasa ba. Duk da haka, idan aka zo maganar cewa lamarin ba zai ɗore ba, yaron da ya nemi ƙarin kuɗi ake nuna wa yatsa.

Za a ce ai akwai kuɗin talabijin. Gaskiya akwai. Big Ten, ɗaya daga cikin manyan rukunonin jami'o'in da ke gasa da juna, ya sayar da haƙƙin haska wasanninsa na shekara 7 a kan sama da dala biliyan 7. Kwaɗayin wannan kuɗi ne ya sa jami'o'in USC da UCLA da Oregon da Washington suka bar rukunin Pac-12 a 2024, rukunin da ya haura shekara 100, ya wargaje. Jami'ar Stanford da ke gaɓar tekun Fasifik yanzu tana gasa ne a rukunin gaɓar Atlantika. 'Yar wasan ƙwallon raga da ba ta ci komai a cinikin ba ita ce ke kwana a jirgi, ta wayi gari da jarrabawa. Kuma wannan kuɗin na tsirarun manya ne. Alƙaluman NCAA na 2019 sun nuna jami'o'i 25 ne kacal cikin 130 na babban mataki suke samun abin da ya fi abin da suke kashewa a wasanni. Sauran daga aljihun jami'a da na ɗalibai ake cikawa.

Jami'ar Tennessee ba ta ɓoye ba, ta ƙara kashi 10 cikin 100 a kan tikitin 2025, ta ce na biyan 'yan wasa ne. Wannan ko ba komai mai son kallo ne zai biya. Wanda ba zan iya haɗiyewa ba shi ne na ɗalibai. 'Yata tana karatun aikin jinya a wata jami'a. Duk zango idan takardar kuɗin makaranta ta zo, akwai layi guda da aka rubuta kuɗin wasanni, kuma dole ne. Ba ta taɓa taka filin ba, domin Asabar tana aiki a shago. Da bashin karatu take biyan wani ɓangare na kuɗin, bashin da zai bi ta shekaru bayan ta gama.

Ga kuma inda ya shafe mu kai tsaye. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a 2022, a Jami'ar Texas ta El Paso ta goge. Blessing Okagbare ma can ta yi. Divine Oduduru a Texas Tech ya yi suna. Gurbin karatu kyauta na guje-guje da tsalle-tsalle ƙofa ce da 'ya'yan Afirka da yawa suka bi suka samu digiri da horo. Waɗannan wasanni ba sa kawo kuɗin ƙofa, a inuwar ƙwallo suke rayuwa. Manyan jami'o'i da dama sun ware wa ƙwallo kusan kashi 75 cikin 100 na sabon rabon, kuma idan aljihu ya matse, an san reshen da ake fara sarewa. Jami'ar Saint Francis ta jihar Pennsylvania ta sanar a 2025 cewa za ta sauka daga mataki na ɗaya na gasar NCAA zuwa na uku, inda ba a ba da gurbin karatu na wasanni sam. Ɗalibin da ya zo da bizar karatu kuma, dokar shige da fice ta ɗaure masa hannu wajen karɓar kuɗin tallan da abokan wasansa ke samu.

Su kansu 'yan ƙwallon ba su tsira ba. Matthew Sluka ya bar ƙungiyar Jami'ar UNLV a Satumban 2024 bayan ta ci wasa uku a jere, wakilinsa ya ce an yi masa alƙawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba, jami'ar ta musanta. Yaro ya sauya makaranta sau biyu ko uku yana bin mai tsoka, darussan da ya ci a can ba lallai a karɓe su a nan ba. Waɗanda ke kaiwa gasar ƙwararru ta NFL ba su kai 2 cikin 100 ba. Sauran su fita da ciwon gwiwa, wasu babu digiri.

A ganina, tunda an yarda aiki suke yi, a ba su yarjejeniya a rubuce, da ƙungiyar da za ta yi ciniki a madadinsu kamar yadda ake yi a NFL, da kulawar lafiya bayan sun bar fili. A sa wa kuɗin sallamar koci iyaka. A cire hannun wasanni daga takardar kuɗin ɗalibin da bai nema ba.

Ina roƙon ku ware wa wannan batu lokaci a shirinku, ku gayyato 'yan wasanmu da suka yi karatu a nan su yi bayani da bakinsu. Iyayen da aka yi wa ɗansu tayin gurbin karatu na wasanni kuma su tambaya tun kafin a sa hannu: na shekara huɗu ne a rubuce, ko duk shekara ake sabuntawa? Idan yaron ya ji rauni, ko aka rufe sashen wasansa, wa zai ci gaba da biyan kuɗin makarantar?

Na gode da damar da kuka ba ni. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraronku na kullum daga Amurka