Mutumina na Berlin, karanta ka ba ni amsa

Salam mutumina,

Ya sanyi, ya karatu? Wato tunda ka shiga Jamus shikenan ka zama babban mutum, saƙo ma sai ranar da ka ga dama. Gwaggo ta tambaye ka ran suna, na ce kana nan kana fama da dankali da burodi, ta ce a gaya maka kar ka kuskura ka kawo mata baturiya ba sanarwa.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Wani faifai ne ya hana ni sakat, kuma ɗan garin da kake ne ya yi shi, Klaus Schulze, a Berlin ɗin aka haife shi 1947, ya rasu 2022. Sunan faifan Irrlicht, ya fito 1972, shi ne na farko da ya yi shi kaɗai. Mutumin nan fa asalinsa mai ganga ne, shi ya buga wa ƙungiyar Tangerine Dream a faifansu na farko na 1970, ya bar su suka kafa wata ƙungiyar, Ash Ra Tempel, da Manuel Göttsching, nan ma faifai ɗaya aka yi da shi ya kama gabansa, sai ga shi ya fito da kiɗan da babu inda za ka taka rawa a ciki, mai ganga guda!

Na san yanzu kana taɓe baki irin yadda ka saba. Tsaya ka ji. Kiɗan lantarki ake ce masa amma babu sintisaiza, na'urar nan mai ƙirƙirar sauti, ko ɗaya a ciki, ba shi da ita a lokacin. Ogan ce ta lantarki, wato dangin fiyano, da ya taɓa mata wayoyi, da amfilifaya mai ciwo, sai wata ɗauka da ya yi ta ƙungiyar makaɗa suna gwaji, ya juya tef ɗin baya ya dagula sautin har ba ka gane goge ne ko iska. Kashin farko ya haura minti 20. Da fari wani amo ne kawai ke rawa a kunnenka kamar janareton maƙwabta daga nesa tsakar dare, kana jira a fara kiɗa ashe an daɗe da farawa, can sai ogan ta shigo ta riƙe murya ɗaya ta ƙi saki, tana kumbura tana kumbura har ka ji tsigar jikinka na tashi. Wallahi na saka shi a situdiyo Oga ya shigo da gudu ya wuce bayan sifika yana taɓa waya, wai me ya ƙone.

Af, ka ji ɗan autanku ya sayi babur? Kan bashi. Hajiya ba ta sani ba tukuna, kai ma ba ka sani ba.

To ni abin da ya tsaya min a rai, mu nan kullum kukanmu fiyano ta tsufa, sautukan ciki kowa ya gaji da su, sai an sayo sabuwa. Sai na ce bari in gwada irin nasa. Na ɗauki tsohon nan mai goge na bayan kasuwa a waya yana ɗaura tsirkiya yana gwadawa, ko waƙa bai fara ba, na juya shi baya a kwamfuta na ja shi ya yi tsawo, na ɗora fiyano a ƙasa murya ɗaya tal. Mutumina abin ya yi kyau, ni dai a kunnena. Mawaƙin da na yi wa ya saurara kaɗan ya cire abin kunne ya ce Malam wannan ai kiran aljanu ne, shi na biki yake so, amarya za ta shigo da shi. Na mayar masa da irin wanda aka saba ya biya ya tafi, nawa kuma yana nan a ajiye, zan turo maka in data ta yarda.

Ka tuna kaset ɗin Mamman Sani na Nijar da muka ji a ɗakinka, na 1978, shi ma shi kaɗai da ogan? Nasa akwai daɗi, kana iya bin sa da baki. Na Schulze ba ya lallashin kowa. Kuma gaskiya ba duka nake so ba, kashi na uku, Exil Sils Maria, barci yake sa ni kafin ya kai rabi. Faifansa Timewind na 1975 ya fi Irrlicht tsafta nesa ba kusa ba, har kyauta ya ci a Faransa, amma ni dattin na farkon nake so.

Dan Allah in ka samu sarari ka leƙa shagunan tsofaffin faifai ka duba min Irrlicht ɗin. Ba sai bugun farko na kamfanin Ohr ba, na san kuɗin tallafin karatu ba zai ɗauka ba, ko wanda aka sake bugawa ya isa. Garmahon Baba na nan, allura kawai zan nema.

Mai shayi na gaishe ka, ya ce littafin bashi bai manta da kai ba. Kuma cajar da ka tafi da ita tawa ce.

Naka,
ka san ko waye