Ɗana ya hana mu barci da kunna fitila tsakar dare

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Kullum ina sauraron shirinki ina aikace-aikacen gida, yau ga ni da tawa damuwar. Na san wasu za su ji su ce wannan ai ba matsala ba ce, to wanda bai kwana a ɗakinmu ba ne zai faɗi haka.

Yarona shekararsa uku da rabi, Abba muke ce masa don sunan surukina ya ci. Ciki da falo muke haya, saboda haka duk ɗaki ɗaya muke kwana, mu da jaririya a gado, shi a 'yar katifarsa a ƙasa cikin gidan sauro. Tun da na haihu muka sauke shi daga gadon abin ya samo asali. Wajen ƙarfe biyu ko uku na dare sai kawai haske ya gauraye ɗaki. Ba kuka yake yi ba, ba ya kiran kowa. Zamewa yake yi daga gidan sauron, ya jawo kujera 'yar tsugunno, ya taka, ya yi ɗage har yatsansa ya kai makunni. Sannan ya koma ya zauna a katifa yana ƙare mana kallo. Jaririya ta farka ta tsala ihu, babansa ya tashi da faɗa, ni kuwa barci ya ƙare sai bayan asuba. In na kashe, da zarar ya ji numfashina ya sauya sai ya sake tashi.

Rashin barcin ma da sauƙi a kan abin da nake tsoro. Har yanzu yakan yi fitsarin kwance, wato da jiƙaƙƙen wando da danshi a hannu yake lalubar bango cikin duhu, ga soket dab da makunnin. Sola muka haɗa bara, kuma wanda ya haɗa mana ya ja kunnena cewa wutar da inbata ke bayarwa ta haura volt 200, daidai take da ta nepa wajen kisa. Ga shi in ya fito sai ya bar bakin gidan sauron a buɗe, da safe in ga duk an cije masa ƙafafu.

Na yi rarrashi, na yi alkawarin alewa. Na ɓoye kujerar, ya kifa bokiti ya hau, wanda ya fi kujerar haɗari. Na manne makunnin da salatif, ya zauna da rana ya ɓare shi tas. Da na saya masa 'yar tocila kuwa, a idon ƙanwarsa ya dinga haska ta.

Babansa ya ce sangarta ce kawai, a kwance kwan fitilar a bar shi da duhu, zai saba. Har yakan kawo hadisin da aka ce a kashe fitilu in za a kwanta, ni kuma in ce masa ai gudun gobara ne, lokacin fitilar mai da lagwani. Mun taɓa kwance kwan. Yaron nan da ya danna ya ga babu haske, ihun da ya yi sai da maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa ƙofa, jikinsa ko'ina rawa yake. Tun ranar na ce ba da ni ba. Hajiya, surukata, ita cewa ta yi a karɓo masa rubutu, ko kuma a ba ta shi ya koma kwana wajenta. Addu'a dai ba na fashi, Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi nake tofawa a hannu in shafe masa jiki. Amma in na miƙa shi ga Hajiya a wannan lokacin, ina gudun ya ɗauka an kore shi ne saboda ƙanwarsa.

Da rana, yana cikin wasa, na tambaye shi dalili. Ya kama hannuna ya kai ni bayan ƙofa, ya nuna babbar rigar babansa da ke rataye a ƙusa da hula a samanta, ya ce Dodo ne. Na san daga ina ya samo, 'yar yayata ce ke cika shi da tatsuniyar Dodo in ta zo hutu. Na cire rigar, amma bai daina ba. Da na sake tambaya sai ya ce, "Ina so in ga ko Mama tana nan." Anti, wannan maganar ta tsaya min a rai, don ni a ganina ba duhun ne kaɗai ke damunsa ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ta faɗa min a wajen riga-kafi cewa yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya, kuma farin haske mai ƙarfi yana danne sinadarin da ke kawo barci. Ta ce in sa masa ƙaramar fitila mai dishi-dishi, mai ja-ja. Malamarsa ma ta aiko cewa gyangyaɗi yake yi a aji.

To Anti, in na bar masa ƙaramar fitilar har safe, ba zan saba masa da abin da ba zai iya rabuwa da shi ba, ranar da batir ya mutu mu shiga uku? Ta yaya zan gane tsoro ne na gaske ko neman kulawa? Ko in mayar da shi gado na ɗan lokaci, duk da jaririyar ba ta yi ƙwari ba? Sannan ki taimaka ki yi wa iyaye maza magana a shirin, don maigidana yana saurare, kuma ya fi jin taki a kan tawa.

Allah ya saka da alheri.

Maman Abba, daga Kano